Wayar da ta mutu da sunayen marasa lafiyarmu

Da yawanku kun san duba lafiya na kyauta da muke yi a Agege duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Mu ne dai ba mu canja ba: likitoci biyu, ma'aikatan jinya huɗu, ungozoma ɗaya da mai ba da magani. Muna auna jini da suga, mu rubuta, mu ce wa mutum ya dawo wata mai zuwa. Yawancin masu zuwa mahauta ne da 'yan kasuwar shanu na wajen Abbatuwa, sai masu gadi da 'yan mazan jiya da ba sa son layin asibiti.

Shekara uku duk abin da muka auna a wayar Sista ɗinmu yake shiga. Sunan mutum, lambarsa, awon jininsa na kowane wata, maganin da yake sha. A daminar da ta wuce ruwa ya tsare ta a hanya, wayar ta sha ruwa a cikin jaka, ba ta sake kunnuwa ba. Mai gyara a Computer Village da ke Ikeja ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce babu abin da zai fito daga ciki.

Ba mu gane girman asarar ba sai Asabar ta gaba. Wani dattijo ya zauna, jininsa ya hau sosai. Muka tambaye shi, "Baba, wane magani kake sha?" Ya ce wata 'yar ƙwaya fara, ɗaya da safe. Mun tuna amlodipine ce, amma ta miligiram 5 ce ko ta 10? Shin wannan awon ya fi na watan jiya, ko dama haka yake tafiya? Babu wanda ya iya rantsewa. Sai da aka tura jikansa gida ya ɗauko kwalin. Waɗanda ba su zo ba ranar kuwa, ba mu da lambar da za mu kira su. Har yau akwai mutum biyu masu ciwon suga da ba mu sake ji daga gare su ba, kuma wannan yana damun mu.

Sai muka yi karo-karo don a sayi sabuwar waya, muka zauna mu zaɓa. Nan gardama ta tashi. Matasanmu iPhone suke so, ko da ta hannu ce wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus. Wasu suka ce Tecno ko Infinix, tun da batirinsu babba ne kuma idan gilashi ya fashe ko'ina za a samu na canji. Mai ba da maganinmu ya kawo hujja mai kyau, ya ce a duba shekara nawa kamfani zai ci gaba da aiko wa wayar sabuntawar tsaro, domin Samsung ta yi wa Galaxy S24 alkawarin shekara bakwai. Da aka faɗi kuɗinta kowa ya yi dariya, aka wuce wurin.

Muna cikin haka babban likitanmu, wanda duk muke kira Baba, ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro wani abu mai launin toka, ya ajiye a tebur. Palm ce. Ƙananan cikinmu ba su taɓa ganin irinta ba. Na'urar aljihu ce da ta fara fitowa a 1996, ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, da ɗan tsinke ake rubutu a fuskarta. Ya ce ya saye ta lokacin da ya je kwas Ingila, a ciki yake ajiye jadawalin aiki da sunayen marasa lafiya, kuma a ciki yake duba Epocrates idan yana shakkar adadin magani. Batiri biyu ƙanana irin na rimot take ci, su yi makonni.

Amma abin da ya kawo ta dominsa daban ne. Ya ce irin tasa, idan batirin ya ƙare ka bar ta haka, duk abin da ke ciki gogewa yake yi. Kowa ya san da haka, shi ya sa kowa yake tsoro. Tana da wani ɗan mazauni da ake jonawa da kwamfuta, da maɓalli ɗaya a jiki, ana ce masa HotSync. Kullum dare kafin ya kwanta sai ya ɗora ta ya danna, komai ya kwafu zuwa kwamfuta. Sau biyu ta goge masa, bai rasa ko suna ɗaya ba. Sannan ya dube mu ya ce, "Wayar Sista ta fi wannan ƙarfi sau dubu. Wa ya taɓa kwafe abin da ke cikinta?"

Babu wanda ya amsa. Gaskiya laifin ba na Sista ba ne ita kaɗai, dukkanmu muka sakar mata kayan muka kama gabanmu. Wayoyin yanzu ba sa ba mu tsoro, shi ya sa muke sakaci. Kuma ko wadda ba ta faɗa ruwa ba tana da ranarta. Waɗanda suka yi zamanin BlackBerry sun tuna yadda kowa a Legas yake neman fin ɗin wani, amma a Janairun 2022 kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa.

Daga nan maganar ta sauya. Muka daina tambayar wace waya ce ta fi, muka koma tambayar me muke so ta yi. Batiri na farko, domin wurin da muke zama ba kullum ake samun wuta ba, don haka ba mu kalli wadda ta gaza 5000mAh ba. Sai aiki ba tare da sabis ba. A shagon muka sauke manhajojin da muke amfani da su, muka kashe data, muka ga wanne zai buɗe. Wannan gwajin ya fi duk abin da mai shago ya faɗa mana amfani. Mun kuma lura cewa manhajojin Amurka irin su Medscape suna da kyau wajen duba ko magani biyu za su yi karo, amma ba su san sunayen kasuwa da ke jikin kwalayen da mutanenmu ke saye a kemis ba. A nan EMDEX ta fi, tun da don Najeriya aka yi ta. Kyamara ba mu tsaya a kanta ba, in dai za ta ɗauki rubutun kwali a karanta.

Abin da muka fi daɗewa a kai shi ne sirri. Unguwa ce da kowa ya san kowa. Idan aka ji Alhaji wane yana shan wani magani, kafin magariba labari ya kai kasuwa, kuma ba zai sake zuwa wurinmu ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kulawa da su, amma ko babu doka amana ce. Shi ya sa muka ƙi ta hannu, ba mu san inda ta biyo ba. Kuma muka yanke cewa wayar ta ƙungiya ce, ba ta kowa ba. Ba a sa mata WhatsApp na gida, ba a ba yaro ya yi wasa da ita, tana da lambar sirri da mutum uku kawai suka sani. A nan muna roƙon abokan aikinmu: kafin ka sayar da tsohuwar wayarka, ka goge ta tas, hotunan raunuka da takardun gwaji da ke ciki ba naka ba ne.

A ƙarshe sabuwar Android muka saya mai matsakaicin kuɗi. Sauran kuɗin muka sayi fawa bank da babban littafin rajista mai bangon kwali. Duk Asabar kafin a tashi, mutum ɗaya zai tabbatar bayanan sun hau Google Drive, wani kuma ya kwafe awon ranar a littafin da hannu. Baba ya ce shi zai riƙa tsayawa a bakin ƙofa, babu mai fita sai an yi.

Asabar mai zuwa za mu sake rajista daga farko. Duk wanda ya saba zuwa, don Allah ya taho da kwalayen magungunansa gaba ɗaya, har waɗanda suka ƙare. Wanda kuma ya san wani mai ciwon suga da ya daina zuwa tun damina, ya gaya masa muna cigiyarsa.