Wa Zai Gaji Lambar Mamaci?

A Amurka, wanda ya ci jarrabawar rediyon sha'awa yakan samu lambar kira daga hukumar sadarwa ta FCC. Da ita yake gabatar da kansa duk lokacin da ya hau iska, har abokan hirarsa na nesa su san shi da ita fiye da sunansa na yanka. Sai dai aro ce. Lasisin na shekara 10 ne, kuma idan ya ƙare ba a sabunta ba, ko mai shi ya rasu, bayan shekara 2 wani na iya neman lambar. Dangin mamaci na kusa, in suna da lasisin da ya dace, ba sai sun jira ba.

Hujjar hukuma tana da ƙarfi: gajerun lambobi kaɗan ne, ga sauƙin aikawa da saƙon Mos, don haka ajiye su har abada tauye masu tasowa ne. Amma hujja ba ta hana tsoho faɗuwar gaba ranar da ya ji lambar amininsa da aka binne tana fitowa da muryar wani yaro. Katunan shaidar hira da ke cikin akwatinsa ma sun koma nuna mutum biyu.

Wasu lambobin sukan tsira. Hiram Percy Maxim ya rasu a 1936, amma ƙungiyar ARRL da ya kafa ta riƙe W1AW, kuma har yau tasharta a Konetikat da ita take kira.