Ciyawar Ƙawa Da Gambar Bakin Gona

A lambunan Ingila da Holan da Jamus akwai wata ciyawa da ake saye da kuɗi a dasa don ƙawa kawai. Masana tsirrai suna kiranta Molinia caerulea, sunan da aka raɗa mata don tunawa da Juan Ignacio Molina, wani masanin halittu ɗan ƙasar Chile. Asalinta ciyawar dausayi ce ta ƙasashen sanyi, mai son ƙasa mai tsami wadda ba ta rabuwa da laima. Takan yi cunkus daga tushe, ta miƙa siraran karare masu kai ruwan shunayya, da kaka kuma ta rikiɗe zuwa ruwan zinariya. Irin hotunanta ne ke yawo a Instagram, su ne kuma ke iya sa ma'aikacin da ya gina gida a garinsu, a Janfalan ko Makarfi ko Hunƙuyi, ya shiga tambayar masu sayar da furanni a Zariya inda zai samo ta.

Ko ya samo ta, asara zai tafka. Ƙasar Ikara tana samun ruwan sama ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sai rani ya shigo da hunturu mai busar da komai, ya ƙare da zafin Maris da Afrilu. Da wuya ciyawar da ta saba da sanyi ta ga damina ta biyu a nan.

Abin da mai gidan yake sha'awa a hoton, wato tsayi da laushi da rausaya a iska, yana nan tsaye a bakin gonar mahaifinsa. Sunansa gamba. Manomin wannan yanki ya san ta a matsayin shaidar iyakar gona, da abin saƙa zana, da abincin shanu a farkon damina, tun da tana cikin ciyayin da ke riga saura tohowa. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa take ƙetare rani ba tare da an ba ta ko ɗigon ruwa ba. A ƙarshen damina tana iya wuce mita uku, ta fitar da kai mai gashi fari-fari wanda hasken la'asar ke ratsawa.

Wasu ƙasashe sun riga mu ganin darajarta. A 1973 aka ɗauki irin gamba daga tashar bincike ta Shika, kusa da Zariya, aka kai cibiyar CIAT da ke Kolombiya. A 1980 aka fitar da shi ga makiyaya, a Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Birazil kuma da sunan Planaltina. A arewacin Ostireliya labarin ya sha bamban: an shigar da gamba don kiwo, ta ƙwace ta bazu cikin daji, har ta zama makamashin gobara mai cinye manyan itatuwa, hukuma ta sanya ta cikin miyagun ciyayi. A gidanta kuwa, inda ake yanka ta kowace shekara ana kuma kiwo a kanta, ƙarancinta ne abin damuwa. Maganin feshi ba ya bambanta gamba da ƙaiƙayi idan ya sauka a iyakar gona, kuma ƙishirwar ƙasar noma ta sa kowa yana nome har bakin kunyar maƙwabcinsa. Idan gambar iyaka ta mutu, shaidar da kakanni suka bari ta tafi, abin da ya rage sai gardama a gaban mai unguwa.

Dasa ta a gida ba ya buƙatar wata dabara. Idan ruwa ya zauna, a watan Yuni, sai a nemi izinin mai gona a sare ɓangaren tsohon tushe da saiwarsa, a rage ganyen, a dasa a wuri mai rana da tazarar kamar mita ɗaya. Taki kaɗan ya isa. Aikin gaske yana zuwa ne bayan kaka: da zarar karan ya bushe a yanke shi ƙasa-ƙasa, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, domin busasshiyar gamba kusa da madafa ko rumbu haɗari ce. Karan kuma ba a zubarwa, masu saƙar zana za su karɓa da godiya. Masu tsoron maciji suna da hujja, maganinsa shi ne a bar fili a share tsakanin tushe da tushe, kada a haɗa ta da bangon ɗaki.

Inda ruwa ke kwanciya a gida, jema ta fi dacewa, don saiwarta mai ƙanshi tana riƙe ƙasa. Kyasuwa takan zo da kanta, ta yi jajayen kai masu laushi a Satumba da Oktoba, sai dai shekara guda take yi, kuma tana zubar da iri ba ƙaƙƙautawa. Tofa ce kaɗai bai kamata a bari ta shigo ba. Akwai wani jan nau'inta da ake sayarwa a Turai don ƙawa, amma duk wanda ya taɓa noma gonar da tofa ta kama ya san cewa saiwarta na bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo inda ba a gayyace ta ba, kuma a fitar da ita daga tsakar gida aiki ne na shekaru.