Ƙafar Da Ta Manta Tafiya

Duk wanda ya yi makaranta, musamman ta kwana, ya san maganganun da ke tashi idan ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi a taron safe, ko ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa alhali bai ji rauni ba. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa aka yi masa, wasu kuma su taɓe baki su ce gudun jarrabawa ne kawai. Akwai wata amsa da ba kasafai ake jin ta ba, mu kuwa a gidanmu mun zauna da ita wata da watanni. Mu uku ne yayyen yarinyar da abin ya sama, shi ya sa muka ga ya dace ku ma ku ji.

Ƙanwarmu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, shekararta 13, lokacin da ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki. Zazzaɓi ya sauka, amma ƙafarta ta hagu ta ƙi komawa aiki. Da farko tana jan ta a ƙasa kamar buhu, bayan mako biyu tsayuwa ma ta gagara. Aka auna jini, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na laka, komai lafiya lau. Wannan ya fi komai tayar wa Inna hankali. Ta ce, "Likita, in ba a ga komai ba, to me za a yi wa magani?"

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Ya kwantar da yarinyar, ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin diddigen hagu, ya ce ta danna. Ta yi iya ƙoƙarinta, ko motsi. Sai ya ce ta rabu da hagu, ta ɗaga ƙafar dama da ƙarfi yana danne ta. Nan take diddigen hagu ya danne masa hannu ba tare da ta sani ba. Ya sake yi, wannan karon da hannun Inna a ƙarƙashi. Ya ce, "Kin ji? Ƙarfin yana nan. Saƙon ne ba ya isa idan ta mai da hankali a kan ƙafar." Wani likitan Amurka mai suna Charles Hoover ne ya bayyana wannan gwaji a 1908, kuma har yau ana amfani da shi.

Likitoci na kiran cutar FND a taƙaice. Da Hausa za mu iya ce mata tangarɗar aikin ƙwaƙwalwa. Ku ɗauki misalin wayar da ba ta faɗi ba, ba ta jiƙe ba, batirinta cike, amma ta ƙame ta ƙi buɗe komai. Kayan cikinta lafiya suke, manhajar ce ta rikice. Haka ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi suke kalau, amma hanyar aika saƙo tsakaninsu da gaɓoɓi ta hargitse. Tana zuwa da shanyewar ƙafa ko hannu, ko karkarwa, ko ɗaukewar murya, ko faɗuwa mai kama da farfaɗiya. Tana kama matasa, 'yan mata sun fi yawa, amma samari ma suna yi. Kuma ba ƙarya mai ita yake yi ba.

Ba sabuwar cuta ba ce. Tun a ƙarni na 19 Jean-Martin Charcot ya yi nazarinta a wani babban asibiti a birnin Paris na ƙasar Faransa. An daɗe ana ɗauka dole sai an sami wata damuwa a ran mutum kafin a ce ita ce. A 2013 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya cire wannan sharaɗi, domin a wajen wasu zazzaɓi ne ko targaɗe ko ciwo ke tayar da ita, a wajen wasu tsangwama a makaranta ko tashin hankali a gida, wasu kuwa ba a gano komai. A 2015 wasu ƙwararru a Birtaniya suka fitar da shawarwari kan yadda likitocin fisiyo za su riƙa kula da masu ita.

Da aka tura mu sashen gashi, mun zaci za a riƙa murza ƙafar ne. Likitar fisiyo ta ce a'a, tsokar ba ta rasa ƙarfi ba, ƙwaƙwalwa ce za a tuna wa tafiya. Tafiya abu ne da jiki ke yi da kansa. Ku gwada sauka daga bene kuna lissafa yadda kowane yatsa ke sauka, ku ga yadda za ku rikice. Don haka aikin duka shi ne a ɗauke hankalin yarinyar daga kan ƙafar. Ta tsayar da ita tsakanin ƙarafa biyu na dafawa, tana jefa mata ƙwallo tana cafewa. Ta sa ta karkata nauyinta dama da hagu tana ƙirga daga ɗari zuwa ƙasa bakwai-bakwai. Abin da ya fi ba mu mamaki, ta fara iya tafiya da baya tun kafin ta iya yin gaba. A gida kuma muka gano tafin gaɗa yana aiki: muna tafawa, tana taka ƙafa a kan kiɗan, ba ta ankara ba ta kai bakin zaure.

Likitar ta kafa mana dokoki masu wuya. Kada mu goya ta zuwa inda za ta iya rarrafawa ko takawa. Keken guragu na aro ne don zuwa asibiti kawai, domin jiki na saurin sabawa da zama. Kada mu riƙa tambayar "yaya ƙafar?" kowace sa'a. Ranar da ta ji ƙarfi kada ta wuce adadin takun da aka tsara mata, don kada gobe ta kwanta. Aka kuma haɗa ta da mai ba da shawara, inda take faɗin abin da ba ta faɗa mana. Inna ba ta fasa addu'a ba, ba ta kuma fasa zuwa asibiti ba.

Makaranta ma tana cikin magani. Ta koma tun ba ta gama warkewa ba, darasi biyu a rana, sannan rabin wuni, sannan cikakke. Akwai makon da ƙafar ta sake ƙi ana gab da gwaji, ta ce, "Yaya, shi ke nan na koma baya." An riga an gaya mana hakan na faruwa. Muka koma kan atisayen farko, cikin kwana huɗu ta miƙe. Yanzu tana tsallen igiya. Yara sun fi manya saurin warkewa daga wannan cuta, musamman idan an gano ta da wuri.

Amma ku kula, likita ne kaɗai zai ce FND ce. Duk wanda hannunsa ko ƙafarsa ta mutu farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, a garzaya da shi asibiti, musamman mai sikila, domin shanyewar ɓarin jiki na kama yara masu sikila kuma ba ta jira.

Idan kuwa likita ya tabbatar wa ɗan ajinku ita ce, akwai abin da kuke iyawa wanda asibiti ba zai iya ba. In ya faɗi, ku janye benci daga kusa da shi, kada ku yi masa cincirindo ko ku cusa masa cokali a baki, mutum ɗaya ya kira malami. In kun gan shi jiya yana tafiya yau yana ɗingishi, kada ku ce kun kama shi, haka cutar take. Ku kwafa masa darasin da ya wuce shi. In za ku fita tara, ku rage sauri ku jera da shi, kuna hirar ƙwallo ko ta fim, kada kowa ya kalli ƙafarsa.