Muryar Baba da Sifika Mai Baki Ɗaya

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ban taɓa zaton maganar ta shafi kayan sauti ba, sai ranar da Innarmu ta kwance mani zani a falona, a gaban uwargida da yara, a kan wasu sifikoki da na zuba wa albashin wata biyu.

Ga yadda aka yi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, falken goro ne. A shekarun 1980 yakan yi wata uku ko huɗu a Shagamu, kuma da yake bai yi boko ba, maimakon wasiƙa sai ya sayi kaset ya zauna gaban rikoda ya yi ta magana. Ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi yadda za a kasafta kuɗin cefane, ya yi faɗa ga duk wanda aka kai masa ƙara. Direban motar goro ya kawo, mu kuma mu kewaye rikodar a tsakar gida bayan sallar isha'i. Bayan rasuwarsa muka tsinci bakwai daga cikin kaset ɗin nan a adakar Inna. Na kai aka juye su a kwamfuta tun zaren bai lalace ba, na kuma ɗauko Inna takanas don ta ji mai gidanta a sabbin kayana: ƙananan sifikoki biyar da wata ƙatuwar wufa a ƙasa, irin wadda in ta buga har gilashin taga ke amsawa.

Na kunna. Inna ta yi kasaƙe kamar minti ɗaya, sannan ta dube ni ta ce, "Wannan kuma wane ne?"

Na ce, "Baba ne mana, Inna."

Ta girgiza kai. "A'a. Malam bai taɓa magana daga cikin randa ba."

Da na mayar da ita gida ta sa aka zaƙulo tsohuwar rikodar, aka sa batir, aka saka kaset. Sauti ya fito ɗan ƙarami, ga shuu ɗin zare, amma yana fitowa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin ya tsaya mani a rai. Na kwashi labarin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda tun ina yaro nake ganinsa da ƙarfen dalma a hannu. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, rikodar babanka baki ɗaya gare ta, kamar shi babanka. Kayanka kuwa baki shida gare su. Ka taɓa ganin mutum ya raba magana, maƙogwaro a ƙarƙashin tebur, leɓe a kan kanta?"

Na ce, "Baba, ai an ce yawan sifika shi ne kyan sauti."

Ya ce, "Wanda ya sayar maka ne ya ce."

Daga nan na duƙufa karatu, kuma na tarar dattijon bai faɗi ƙarya ba. Sauti girgizar iska ne, ana ƙirga shi da yawan girgiza a daƙiƙa, wato abin da ake rubutawa Hz. Kunnen matashi lafiyayye yana kamawa daga 20 zuwa 20,000. Da yake yana da wuya takardar sifika guda ta iya wannan zango duka, sai aka saba raba aikin: babba ta ɗauki sauti mai kauri, ƙarama ta ɗauki siriri, a tsakaninsu a sa wata 'yar na'ura mai rabo da masu sana'ar ke kira kurosoba. A yawancin akwatuna masu baki biyu, ana yin rabon ne tsakanin 2,000 da 3,000, daidai inda kunnen mutum ya fi kaifi, kuma a cikin zangon magana, domin tsohon layin tarho daga 300 zuwa 3,400 yake ɗauka. In gwani ya yi aikin ba za ka ji ɗinkin ba, kuma akwai irinsu da yawa masu kyau ƙwarai. Nawa dai ba aikin gwani ba ne. Ƙananan sifikokin ba sa iya sauka ƙasa, sai aka bar wa wufa duk abin da ke ƙasa da wajen 150. Tushen muryar namiji kuwa tsakanin 85 ne da 180. Ashe ƙirjin Baba yana fitowa daga akwatin da ke ƙasa kusa da bango, sauran muryar daga sama. Randar da Inna ta ji ke nan.

Na kuma gano cewa akwai mutanen da suka daɗe da zaɓar baki ɗaya da gangan, ba don talauci ba. Sifikar da muka sani, mai maganaɗisu da naɗin waya da takarda, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka ne suka bayyana ta a 1925. A shekarun 1930 wani injiniya a Ingila, Paul Voigt, ya liƙa wata 'yar ƙaramar takarda mai siffar mazurari a tsakiyar babbar don ta taimaka wajen siririn sauti, kuma kamfanin Lowther ya gaji wannan dabara. A Japan, kamfanin Fostex ya yi suna wajen sayar da tsurar sifika, kai kuma ka ƙera mata akwati. Har a ɗakunan ɗaukar waƙa, injiniyoyi irin su Bruce Swedien, wanda ya haɗa faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, sun riƙa auna aikinsu da 'yan ƙananan akwatunan Auratone masu baki ɗaya.

To, mai karatu, a nan ne zaɓi ya zo, kuma a nan na gane ba a cin biyu. Abu na farko girman takarda. Babba, mai faɗin santimita 20, tana tura iska da yawa, don haka tana da kauri da ƙarfi. Amma sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato tsawon zango guda na sautin 10,000 bai wuce santimita uku da rabi ba. In takarda ta fi zangon faɗi sosai, sai ta daina watsa shi, ta riƙa harba shi gaba kamar hasken tocila. Ka gusa gefe kaɗan, ya ɓace maka. Wasu daga cikin manyan kuma suna da tsawa a tsakiya, mai gajiyar da kunne. Ƙarama, mai santimita 10, ta fi watsawa da laushi, amma ba ta da ƙirji, kuma in ka matsa mata da ƙara sai ta fara kakari.

Abu na biyu cin wuta. A takardar kowace sifika ana rubuta desibel nawa take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Yawancin akwatunan gida suna tsakanin 85 da 88, manyan masu baki ɗaya kuwa sukan kai 95 ko fiye. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kowane ƙarin desibel 3 ninkin wuta yake buƙata, ƙarin 10 kuwa ninki goma. Abin da mai 96 za ta yi da wat ɗaya, mai 86 sai ta sha goma. Ga wanda daren gidansa ya dogara da batirin sola kamar ni, wannan ba zancen 'yan gayu ba ne.

Na auna falona, mita huɗu ne da uku da rabi. Na auna aljihuna, na ga Lowther ba sa'ata ba ce. Sai na tsaya a tsakiya, na aika aka sayo mani Fostex guda biyu masu santimita 12, da wani ɗan amfilifaya da bai fi tafin hannu biyu ba.

Saura abu na uku, wanda na raina kuma ya fi ba ni wuya, wato akwati. Takarda tana tura iska gaba da baya a lokaci guda, in ba a raba su ba sai su kashe juna, kauri ya tafi. Na zaɓi zanen da ake bi da sautin baya ta wata doguwar hanya mai lanƙwasa a cikin akwatin, tana faɗaɗa kamar kakaki har ta fito ƙasa. Na kai wa kafintanmu zanen da filawud mai kaurin milimita 18. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan akwati ne ko lungunan cikin birni?" Bayan mako biyu na ɗauko, na haɗa, sai na ji ɗaya tana gunji ɗaya tana magana. Da muka ɓalle gefe, ashe ya tsallake katako biyu na ciki, wai tunda ba mai gani. Sai da na zauna a shagonsa yini biyu, ana shafa gam ina duba kowace kafa da iska za ta iya bi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi asara. Yarana sun ce waƙoƙinsu sun rame, kuma gaskiyarsu ne, domin dukan da ke bugun ƙirji babu shi. Ranar sunan 'yar ƙanwata sai da aka fito da tsofaffin kayan daga sito. Amma ranar da na sa Ɗan Maraya Jos, na ji kuntigi kamar yana zaune a kan dardumata, har da gogar yatsa a jikin tsirkiya. Na sa Shata, na ji kalangu yana magana, 'yan amshi a bayansa, kowa a mazauninsa. Don haka in wani ya nemi shawarata, tambayar farko da zan yi masa ita ce me yake saurare. In murya ce da garaya da goge a ƙaramin ɗaki, ya gwada baki ɗaya. In rawa yake so ko fim mai harbe-harbe, ya bar wa masu wufa. Kuma in zai gwada, kada ya yarda da waƙar mai shago, ya tafi da muryar da ya sani kamar yunwar cikinsa.

Ni tawa jarrabawar Inna ce. Na sake ɗauko ta wata Juma'a, na nuna mata kujerar da na saita sifikokin a kanta. Ta ce ita ba ta zama kujera, aka shimfiɗa mata tabarma. Na kunna, ta ce, "Ya yi kusa, amma kamar ya juya mani baya." Sai na tuna zancen tocila. Na tura littattafai a ƙarƙashin bayan akwatunan suka sunkuyo suna kallon tabarmar, na sake kunnawa.

Baba ya yi sallama. Inna ta amsa masa.

Muka yi tsit har aka zo wurin da ya ambaci sunana, yana cewa labari ya iske shi ina gudun makarantar allo ina tafiya kallon ƙwallo, in ya dawo zan gamu da shi. Ɗana na fari ya fashe da dariya har da faɗuwa. Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Kuma da ya dawo bai taɓa ka ba. Tsarabar takalmi ma ya kawo maka."

Yanzu kusan kowace Juma'a tana zuwa, kaset ɗaya take saurare ta ce ya isa, a bar saura sai wani makon. Littattafan nan suna nan a ƙarƙashin akwatunan, uwargida ta gaji da cewa in cire. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.