Ɗan Tiyon da Ake Toshewa da Ƙusa

Tsofaffin motocin da suka rage a Nima da Maamobi ba su da yawa, amma kusan duk wadda ka ɗaga bonet ɗinta za ka tarar da abu guda. A jikin distirbuta akwai wani ɗan gwangwani mai baki kamar na buta, kuma ko dai bakin yana buɗe yana shan ƙura, ko an yanke tiyonsa an cusa masa ƙusa. In ka tambayi fita, sai ya ce maka wannan ba ya aikin komai, mota tana tashi ba shi. Gaskiyarsa, tana tashi. Abin da ba ya faɗa shi ne kuɗin da mai motar zai riƙa bari a gidan mai kowane mako.

Tamu Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, inda aka fara haɗa Peugeot a 1975. Mahaifinmu ya shigo da ita ta Aflao lokacin da yake fataucin goro, da ya rasu kuma ta zama rabona. Kafiretarta ta asali, Solex, ta gaji har tana zuƙar iska ta gefe. Na zaga Abossey Okai shago-shago, duk wadda aka miƙo mini ta fi tawa tsufa. Daga ƙarshe aka sa mata Weber 32/36 da farantin da ke daidaita zamanta. Wanda ya yi aikin ya haɗa totur da tiyon mai, da ya zo kan ɗan tiyon nan sai ya ga bai kai sabon gurbinsa ba, ya toshe shi.

Motar ta yi ƙarfi, amma ta koma shan mai kamar an huda tanki. In muka shiga cunkoso tsakanin Nima da Circle, allurar zafi sai ta yi ta hawa ina kallo. Yayanmu ya fara maganar a sayar, ya ce gado ba hujja ba ce ta ciyar da ƙarfe. Hajiya ba ta ce uffan ba, ita da kowace Laraba a cikin motar nan ake kai ta kasuwa.

Aikin gwangwanin ba shi da wuyar ganewa. Mai da iska ba sa ƙonewa nan take a cikin inji, don haka dole fulogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan ƙafarka ba ta danna totur sosai ba, abin da ke shiga kaɗan ne, kuma a hankali yake ci, yana bukatar a kunna shi da wuri. A daidai wannan lokacin ne injin ke zuƙo da ƙarfi, saboda an kusan rufe masa maƙogwaro. Zuƙon yana bi ta tiyo ya ja wata fatar roba a cikin gwangwanin, ita kuma ta juya farantin distirbuta, wuta ta gabato da digiri goma ko sama da haka. Ka taka totur har ƙasa, zuƙon ya faɗi, wuta ta koma inda take, don kada injin ya yi ƙyas-ƙyas a hawa. Wato da wannan tiyon distirbuta ke sanin nauyin da ke kan mota. In babu shi, wuta na makara, mai yana ƙarasa ƙonewa a hanyar salansa, zafin ya tsaya a inji. Kuma tuƙin Accra kusan duk na rabin totur ne.

Wani dattijon fita a Kokompe ne ya duba mana. Bai ɗauko na'ura ba. Ya cire murfin distirbuta, ya sa sabon tiyo, ya miƙo mini ɗaya bakin.

"Ɗana, tsotsa."

Na tsotsa, farantin ya motsa. Ya ce in toshe da harshe. Farantin ya tsaya cak, sai da na saki ya koma.

"Alhamdu lillahi, robar ba ta fashe ba. Da ta fashe da mun sha yawo."

Na ce, "Baba, to ina za a soka shi?"

A nan ne masu sana'ar suka rabu biyu, kuma na ji musunsu a rumfar har la'asar. Akwai bakin da ke jikin kafireta, wanda raminsa yake sama kaɗan da ƙyauren totur: ba ya zuƙa in mota na silo, sai an taɓa totur. Akwai kuma na manifol, a ƙasa da ƙyauren, mai zuƙa tun daga silo. Masu son manifol suna cewa inji ya fi sanyi a tsaye, kuma ga wanda rabin rayuwarsa a cunkoson Kanda take, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai silo kan hau, wani lokacin ya riƙa rawa. Dattijon ya sa na kawo tsohuwar Solex, ya haska ramin da tocila, ya nuna mini yana sama da ƙyaure. Ya ce da irin wannan aka auna distirbutar tun daga masana'anta, a ba ta abin da ta saba. Ni ma nan na tsaya, ko da yake ban ga laifin mai gwada ɗayan ba, muddin zai sake saita taimin ya kuma kasa kunne a hawa.

Ya saita taimin da tiyon a cire, an toshe bakin, sannan ya mayar. Muka hau dutsen Aburi a giya uku yana sauraro, bai ji komai ba.

Yaya bai janye maganar sayarwa ba, amma ya daina tayar da ita tun da ya ga allurar zafi ta zauna a tsakiya ranar wata Laraba da aka yi cunkoso har Maamobi. Abin da ke damuna yanzu robar nan ce, don ta girmi yaran shagon dattijon, waɗanda suka fi sabawa da motoci masu kwamfuta. Na samu gwangwani biyu a Abossey Okai, na tsotsa su a gaban mai shago kafin in biya. Ɗaya ne kawai ya riƙe.