Yadda Muka Kawo Motarmu Gida Daga Kumasi

Ya ku 'yan makaranta, da yawa daga cikinku, in Allah ya ja zamaninku, za su fita neman ilmi ko arziki a wata ƙasa. To, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da ya same mu sa'ad da muka yi niyyar komowa gida Gwarzo da motarmu.

Mun daɗe a zangon Kumasi ta ƙasar Gana, inda kakanninmu suka riƙa zuwa fataucin goro da jakuna. Da abin da muka tara muka sayi mota, muna sa rai ita za ta riƙa kai tsohuwarmu asibiti a Kano. A 2018 muka ɗaure kaya. Nufinmu mu tuƙa ta da hannunmu, mu ratsa Togo da Binin, mu shigo.

Ana gobe za mu tashi, wani dattijo na zango ya kira mu, ya ce, "Malam, ka tambayi dokar inda za ka?" Muka ce, "Baba, ai gida za mu." Ya ce, "Kai ne ɗan gida, motarka baƙuwa ce." Nan ya sanar da mu cewa tun ran 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar tudu, sai dai ta teku. Jikinmu ya yi sanyi.

Ba a jima ba sai ga wani dillali, ya ce in mun yarda zai bi mana da ita ta daji da dare, a kan kuɗi kaɗan. Ba mu ɓoye muku ba, zuciya ta raya mana, gama guzuri ya soma ƙarewa. Amma muka tuna hanyar lafiya a bi ta da shekara. Muka kai ta tashar Tema aka sa ta a jirgin ruwa zuwa Ikko.

A can ma'aikatan kwastan suka duba takardar mallaka, suka gwada ta da lambar da ke buge a jikin motar, watau haruffa da alƙaluma 17 waɗanda ba mota biyu da ke tarayya da su. Suka ƙimanta ta, muka biya kuɗin fito, aka ba mu takarda. Wani abu kuma ya taimake mu: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana ta bi sahu a 1974, saboda haka sitiyarinmu yana hagu, daidai da doka. Da daga Ingila muka fito, inda sitiyari ke dama, da magana ta sake.

Daga Ikko aka ɗoro ta bisa babbar mota har Kano. A nan aka duba lafiyarta, muka yi inshora, sa'an nan aka ba ta lamba, da haruffa uku a gaba masu nuna ƙaramar hukumarta. Ran nan ta zama 'yar gari. Kuɗi ya tafi, watanni sun wuce, amma da muka hau hanyar Gwarzo aka tsai da mu, muka miƙa takardu, aka ce mu sauka lafiya.

A Kabo muka ratse gai da wani abokinmu wanda shi ya bi shawarar irin dillalin nan. Muka tarar da tasa motar a gindin tsamiya, ƙura ta rufe ta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ba takardar fito, ba lamba, in ta hau titi a kama, mai saye kuwa ya ƙi tayawa. Ya dube mu ya ce, "Araha ba ta ado." Ba mu sami abin ce masa ba.

Dokokin nan sukan sake daga shekara zuwa shekara, don haka kada ku riƙe namu labari ya zama muku doka. Abin da za ku riƙe shi ne, kafin ku ɗaure kaya ku tambayi hukumar ƙasar da za ku, ku karanta kowace takarda da idonku kafin ku sa hannu. Karatun da kuke yi yau shi zai fisshe ku ran nan.

Tsohuwarmu dai ta shiga motar, ta sa mata albarka. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin.