Ina Yaranmu Za Su Yi Wasa?

 Yau zancen wajen wasan yara nake so mu yi, domin abu ne da muka raina, alhali nan ne yaro ke yin rabin wuninsa.

Duk wadda ta taɓa yin Sallah a Kano, ta ga yadda yara ke cika Gidan Zoo ana hawa lilo, takan dawo tana cewa ina ma muna da irinsa a Mafara. Ni ma wallahi ina so. Amma fa yaro ba ya jiran gwamnati. In ba ki zaɓar masa waje ba zai zaɓar wa kansa, zaɓin yaro kuwa bai wuce juji, ko bakin titi, ko bakin ruwa ba.

Mu da muka tashi a dandali, ba kuɗi muka biya ba. Da rana tuwon ƙasa da 'yar carafke, in farin wata ya fito mata su yi gaɗa, maza su yi langa. Abin da ya tsare mu shi ne ɗa na kowa ne, duk babban da ya gifta yana iya tsawata mana. To yanzu filaye da yawa an yanka an yi shaguna, 'yan kabu-kabu sun cika lungu. Tun da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, wace uwa ce hankalinta zai kwanta ɗanta na waje bayan isha'i?

Saboda haka 'yar'uwa, sa mayafinki ki je da ƙafarki ki ga inda suke wuni. Fara duba ƙasar wurin, don yaro ƙasa yake wasa da ita, hannun kuma baki yake zuwa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida, yara na rarrafe a kanta. Duk inda ake wannan sana'a, ko ake fasa tsohon batirin mota, ba wajen wasa ba ne, ko da gidan ɗan'uwanki ne.

Sai ruwa. Dam ɗin Bakolori da ke kusa da Maradun, wanda aka gama a 1978, albarka ne ga manoman rani har zuwa Bakura, amma magudanan nan ba kwamin wanka ba ne. Ban da nutsewa, ruwan da dodon koɗi ke zaune a ciki shi ke kawo tsargiya. In kin ga jini a fitsarin yaro, kar ki yarda da masu cewa alamar girma ce. Ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

To ina mafita? Ni dai a ganina tana hannunmu. Yadda muke haɗa adashi, haka za mu haɗa ido. Gida huɗu ko biyar su yi shawara, a zaɓi tsakar gidan da ya fi fili, ko ƙofar gida mai inuwar dogon yaro. A share, a tsince ƙusa da fasassun kwalabe, a rufe rijiya, a zuba yashi. Tsohuwar taya da igiya mai ƙwari sun isa lilo. Yau ke ce mai kallo, gobe maƙwabciyarki, kowa ta samu sararin yin girki da sana'arta. Manyan yara masu ƙwallo kuwa, ki lallaɓa maigida ya yi wa mai unguwa da hedimasta magana, ko a bar su su yi a filin firamare da la'asar.

Kulle yaro a ɗaki da waya ba tarbiyya ba ce, ƙafar da ba ta yi gudu ba ba ta ƙwari. A bar su su yi wasa, amma a inda idonmu ke kaiwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, amin.